Ƙafar Daman Kawu Obren

Kawuna Obren, ƙanin mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyenmu Lipovo, a kan wani tsohon keke da ba shi da birki sai tafin takalminsa. Gajere ne, siriri, gashin bakinsa ya fi fuskar faɗi, ƙafafunsa kuwa kamar daga wurin wani ƙato ya aro su. Amma yau in ka ambaci sunansa a Lipovo, ba wanda zai yi maka zancen wasiƙa. Zancen ƙafarsa ta dama za a yi maka.

Mantuwa ce ta jawo masa. Wata shekara wasiƙar Iya Tankosava, wata gwauruwa da ke kusa da gada, ta maƙale a gindin jakarsa har sati uku. Bai gan ta ba sai da safiyar Kirsimeti. Ya ce bari ya lallaɓa tun mutane ba su fito ba, ya tura ta ƙarƙashin ƙofa ya gudu. Yana durƙushe yana turawa, sai ƙofa ta buɗe.

"An haifi Almasihu!" in ji Iya Tankosava, ta damƙi wuyan rigarsa.

"Hakika an haife shi, Iya. Ni wucewa nake yi."

"Wucewa a durƙushe? Shigo. Da ƙafar dama, ɗan nan, da ƙafar dama!"

Duk wanda ya fara taka gida da safiyar Kirsimeti, sa'ar gidan ta shekara a ƙafarsa take, don haka ba ta da zaɓi, shi ma ba shi da shi. Ta watsa masa alkama a ka, ta miƙa masa sanda ya zunguri kututturen da ke ci a murhu, tartsatsi ya tashi, ya yi addu'ar da kowa ke yi: yawan tartsatsin nan, yawan tumaki, yawan kaji, yawan lafiya. Ta yafa masa bargo don madarar gidan ta yi kauri. Ya zo zama ta janye kujera, ya sha ƙasa, don sa'a ta manne a gidan. Sannan ta ɗora tukunya, ta ƙona sukari har ya yi ja, ta zuba rakiya, barasar da muke tatsa daga 'ya'yan itatuwan lambu, ta tafasa, ta cika masa kofi. Wannan shi muke kira shayi a yankinmu, ko da yake ganyen shayi bai taɓa ganin cikin tukunyar ba.

A shekarar saniyar Iya Tankosava ta haifi tagwaye. Ɗanta da ya kai arba'in ba mace da ta taɓa amsa gaisuwarsa, ya sami mata, har da haƙorin zinare. Shi ke nan magana ta bazu. Da Kirsimeti ya zagayo gida uku suka riƙe shi. Kafin shekara biyar sun kai goma sha ɗaya.

Gida goma sha ɗaya, faɗuwa goma sha ɗaya ke nan, da kofi goma sha ɗaya. Kuma matan Lipovo ba su yarda su dafa shayi iri ɗaya ba. Iya Tankosava na nan a kan ƙonannen sukarinta. Vukosava matar maƙeri zuma take sawa da masoro, kana sha kana hawaye kana godiya. Matar limamin coci ta ga wata mujalla a birni, ta koma saka ɓawon lemu da kirfa, maza suna cewa ɗanɗanonsa kamar sabulun wanka. Akwai wadda ke jefa kanumfari da hannu biyu. Akwai kuma Kosara, da ta taɓa fasa ɗanyen ƙwai a ciki saboda 'yarta da ke aiki a Italiya ta ce haka ake yi a can. Ƙwan ya dahu ya taso. Kawu ya ci da cokali, ya ce bai taɓa shan abu mai ƙoshi irin wannan ba.

Matsalar ita ce addu'a. Gidajen farko suna samunta tsaf. Daga gida na biyar takan fara karkacewa, a na takwas ya taɓa roƙa wa mutane agwagi masu ƙaho. Ƙafa kuma takan rikice masa, har matarsa, Inna Stamena, ta riƙa ɗaura masa jan zare a takalmin dama.

Gidan Milisav mai kiwon zuma shi ne na ƙarshe, can kan tudu. Wata shekara Kawu ya isa wurin da rarrafe, ya zunguri wuta, tartsatsi ya tashi har rufi, ya buɗe baki ya ce, "Yawan tartsatsin nan, yawan surukai!"

Matar Milisav ta ce amin. Kafin dusar ƙanƙara ta narke uwarta ta tare a gidan, ta zo da ƙannenta mata biyu da wani kare mai tari.

Milisav ya tare Kawu a hanya ya riƙe kan keken.

"Obren, me na yi maka?"

"Ni fa ban tuna ba, maƙwabci."

"Ni ina tunawa kullum da safe, in na tarar da layi a bakin bayi. Baɗi ni ne na farko."

"Iya Tankosava za ta kashe ni."

"To zaɓi wanda zai kashe ka."

Baɗin na zuwa, gari na wayewa, Milisav ya laɓe a bayan shingen Kawu da baron da yake kwasar taki. Kawu na fitowa ya sure shi ya jefa ciki, ya hau tudu da shi a guje, Iya Tankosava da shekarunta saba'in tana bin su da muciya tana kiran ɓarawo. Milisav ya sami addu'arsa garau, ya sa aka maimaita sau biyu. Surukan dai ba su tafi ba, amma karen ya daina tari. Daga ranar aka koma ƙuri'a, kuma baron ya zama na aiki: wanda gidansa ya faɗo ƙarshe shi ke mayar da Kawu gida a ciki.

Haka aka yi ta tafiya har ya yi ritaya, ya haura sittin da biyar. Sai wata shekara da kaka wani likita a birni ya duba shi, ya ce hantarsa ta gaji, ko ɗigo kada ya ƙara. Inna Stamena, mace ce doguwa mai murya kamar ƙararrawar coci, ta ɗaura ɗankwali ta bi gida goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya.

"Ruwa da ƙonannen sukari. Ba rakiya. Wadda ta zuba masa, ita za ta yi jinyarsa."

Kowace ta rantse. Amma da safiyar ta zo, Iya Tankosava ta dubi tukunya ta ga tausayin bawan Allah, gida goma zai sha ruwan banza, in ita ta ɗan ɗiga masa wa zai sani? Vukosava ma haka ta yi tunani. Matar liman ma haka. Kuma da yake kowace na ganin ita kaɗai ce mai zuciya, kowace ta saki hannu fiye da kullum. A shekarar Kawu bai kai gida na tara ba. A turken awakin Kosara aka same shi, ya watsa musu alkama, yana zungurar tarin ciyawa da sanda yana mamakin rashin tartsatsi.

Da aka sauke shi a ƙofar gida Inna ta sunsuna gashin bakinsa.

"Kai tsoho, me ka sha?"

"Ruwa, Stamena. Amma ruwan bana ya yi albarka."

Kwana uku tana bincike. Kowace mace ta dafa ƙirji ta ce ita dai ruwa ta ba shi, sai dai a tambayi maƙwabciya.

Shekara ta zagayo, Inna ta ɓoye takalman Kawu a cikin tanda. Ya fita da silifas ɗinta. Ta cim masa a bakin gada, ta ga ba zai koma ba, ta ce to, tare za su. Shi zai shiga da dama, ya zunguri wuta, ya sha ƙasa. Kofin kuwa ita za a miƙa wa. Inna da tun aurensu ko a biki leɓe kawai take jiƙawa.

Ina cikin masu raka su a ranar, don a lokacin na dawo daga birni da mijina. A gidan farko ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce sukarin ya ƙone da yawa, amma ta shanye don kada a zubar. A na uku ta cire ɗankwali. A na huɗu ta ture Kawu gefe ta karɓe sandan.

"Matsa, kai ba ka iya ba. Wannan addu'a ce ko hamma?"

Ta maka wa kututturen sanda, tartsatsi ya cika ɗaki, kyanwa ta fice ta taga.

"Yawan tartsatsin nan, yawan ranakun da mai gidan nan zai gyara rufin da ke yoyo tun ina amarya! Yawan wankin da labulen can zai sha! Vukosava, Allah ya ba ki jikoki, ya raba su da hancin mijinki!"

Aka ce amin cikin tsoro. Ba wanda ya yi ƙarfin halin janye mata kujera. A gidan liman ta gaya wa matarsa gaskiyar maganar sabulu. A gidan Milisav ta dubi surukan nan uku ta tambaye su ko ba su da gida ne. Ta gama goma sha ɗayan a tsaye kyam, ta fito tana waƙa, ta ce Kawu ya riƙe mata hannu don hanyar ce ke tangaɗi.

Abin mamaki, a shekarar an gyara rufi huɗu a Lipovo. Surukan Milisav suka tattara suka koma garinsu kafin Ista, ya kawo wa Inna zuma tulu guda yana kuka. Dattawa suka je wurin liman suna cewa ai al'ada namiji ta sani. Liman ya ce shi ya duba littafi bai ga inda aka hana ba, kuma shayin gidansa ya gyaru, don haka a bar maganar.

Tun daga nan Inna ce ke zagayen. Ta kai tamanin yanzu, ta rage zuwa gida biyar, kuma ita ke faɗa wa kowace mace abin da za ta zuba a tukunya. Kawu yana gida, hantarsa lafiya lau, likitan da ya duba shi ma ya riga shi tafiya. Bana da na je gaishe su da safiyar Kirsimeti na same shi a bakin taga yana soya ƙwai, yana leƙen hanya.

"Kin gan ta can," ya ce, ya nuna da cokali. "Gida na uku ke nan. Je ki karɓo mini ɗankwalin kafin ta yar da shi a rafi, na bara har yau ba a gan shi ba."