Diskin Baba a Rabon Gado

Baba mai ɗaukar hoto ne a unguwar Talladje ta Yamai, ni nake kula masa da ordinatar shago, wato kwamfuta. Na haɗa masa diski uku suka zama rumbu guda. Kowane hoto sai a gutsuttsura shi a watsa cikinsu, ta yadda in ɗaya ya mutu, biyun za su riƙe komai. In biyu suka tafi kuwa, shi ke nan.

Bayan rasuwarsa na koma Tawa wurin aiki, kawunmu kuma ya raba gado. Ya sa aka buɗe cikin ordinatar, ya ga diski uku, ga mu ƴaƴa uku, ya miƙa wa kowa ɗaya. Ranar da nawa ya iso hannuna, wallahi har kunnuwana suka yi zafi. Diski ne ko tumaki? Hotunan marigayiya Innarmu duk suna ciki, na takarda kuwa ambaliya ta cinye tuntuni.

Na dawo Yamai ban iya zama ba. Na kira wana a Koira Kano.

"Wannan ai fanko ne," in ji shi. "Na jona bai nuna komai ba, sai na sa aka goge na zuba fina-finai."

Na kashe salula kafin bakina ya ja mini. Saura na yayata a Kirkisoye, ga shi tun zaman makoki ba ma ga-maciji, a kan wa zai riƙe shagon. Na shiga taksi, muka maƙale a kan gada. Tsoro nake ji ƙwarai, kar ita ma ta taɓa shi.

"Sai yau ka san hanya?" in ji Yaya da na isa.

"Yaya, diskin Baba fa?"

Ta harare ni, ta shiga ɗaki, ta fito da shi naɗe cikin hular Baba. Ko jona shi ba ta taɓa yi ba.

Na haɗa biyun a ordinatata da na taho da ita, na ba da umarni su sake zama rumbu, ina roƙon Allah kar a ɗauke wuta. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Can ya buɗe, da gargaɗin cewa ɗaya ya ɓata. Na danna hoton farko, sai ga Inna a bakin shago tana dariya.

Yaya ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa. Ta daɗe tana kallo.

"Kai," ta ce, "ashe tana da wushirya. Na manta."