Matuƙin jirgin yaƙin da ya zuba mu a kwata

Jiya direban kekenmu ya saki kan keke da hannu biyu, wai zai nuna mana yadda matuƙan jirgin yaƙin Pakistan ke goce wa harbi.

Tun daga kasuwar Kafanchan yake musu da fasinjan da ke gefensa, wanda ya dage cewa jiragen Indiya sun fi gudu.

Direba ya ce, "Oga, ba jirgi ba ne, hannu ne! Dubi yadda ake shan kwana a sama."

Sai ga mu a kwata. Kiret ɗin ƙwan da wata Mama ta rungumo ya tarwatse a cinyata.

Mama ta fito, ta kakkaɓe zani, ta ƙare masa kallo. Ta ce, "Ɗana, su can in jirgi zai faɗi, suna da lemar dirowa. Ni wace lema ka ba ni?"

Gwanin sama ya shiga kokawar fito da kekensa daga kwata.

Indiya da Pakistan dai ba su san muna yi ba. Mama ta rasa ƙwanta, ni na isa ofis ina ƙarni. Jama'a, a wannan yaƙin wa aka ci?