Gwaggo Dosinda Da Kofin Mahaifina

Kafin jiragen masunta su dawo da safe, Gwaggo Dosinda ta riga ta buɗe ƙofar mashayarta da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Portomeira. Takan fara leƙa sama, ko da yake ta san abin da za ta gani. A garinmu, in ba ana ruwa ba to yanzu aka ɗauke, ko kuma ana shirin farawa. Sai ta hura murhu, ta ɗora tukunyar romon kabeji da wake, ta jawo kujeru kusa da wuta saboda masu shigowa a jiƙe. Daga nan ta zura takalman roba, ta zaga bayan gida da tsintsiya da bokitin yashi, zuwa filin jifa. A can ne aka kafa ƙarfen chave, wanda mazan garinmu suke jifa da faifan ƙarfe tun zamanin kakanni, biyu da biyu, waɗanda aka cinye su sayi giya. Ta share ruwan da ya kwanta, ta barbaɗa yashi a inda masu jifa suke tsayawa don kada santsi ya kwashe wani tsoho. Ba wanda ya sa ta. Filin ma ba nata ba ne, na gari ne.

Haka take yi tun kafin a haife ni. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ta bar wa matar ɗan ƙanenta mashayar, domin gwiwoyinta sun ƙi. Za a yi mata walima, mutane za su tashi su yi jawabi. Ni ba zan iya tsayawa gaban jama'a ba, shi ya sa na rubuta. Abin da nake so a sani shi ne, matar nan ta dawo mini da mahaifina a lokacin da na fara cire rai da shi.

Duk garin Gwaggo muke ce mata, har waɗanda ba su haɗa jini da ita ba, kuma kowa yana da nasa labarin a kanta. A bakin ƙofarta akwai tsohon duro cike da laimomin da mutane suka manta. Duk wanda ruwa ya tare sai ya zari ɗaya ya tafi, ya dawo da ita ran da ya tuna. Baƙin da suke bin hanyar bakin teku a ƙafa sukan shigo suna rawar sanyi, ta sa su cire safa ta shanya musu a kan murhu, ko da ba sa jin yaren juna. Giya take sayarwa, amma ban taɓa jin an kwashi wani a buge daga ƙofarta ba. Na ga ranar da Bieito, abokin jifan mahaifina, ya tura mata kofinsa ya ce a ƙara, sai ta ajiye masa kwanon romo.

Ya ce, "Giya na ce, Dosinda. Ko kunnen ya fara tafiya ne?"

Ta ce, "Kunnena lafiya lau. Ƙafafunka ne ban yarda da su ba. Sha romo, ga burodi."

Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya shanye tas, har ya side kwanon da burodin.

Mahaifina, Eladio, masunci ne. Shi da Bieito ba a iya musu a filin jifa, har daga ƙauyukan maƙwabta ana zuwa kallonsu. A hunturun bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya tashi, amma hannun dama ya mutu, ƙafar kuma sai ja. Likita ya ce lallai ya riƙa tafiya, ya riƙa shiga mutane. Baba ya ƙi. Ya ja kujerarsa zuwa tagar baya, wadda ba ta kallon teku, ya zauna. In an zo duba shi sai ya rufe ido kamar mai barci. Bieito ya zo ya zo har ya gaji. Gwaggo Dosinda ta hau tudunmu da romo a hannu, Baba ya ɗaga murya daga ciki ya ce mini, "Iria, ce mata ina barci."

Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi. Amsarsa ɗaya ce: ba zai fita a riƙa kallonsa ana girgiza kai ba. Ya daina aske gemu, abinci sai ya taɓa ya ture. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, mu biyu ne kawai a gidan. Ina wurin aiki a kamfanin sardin na gwangwani, hannuna yana kan kifi, hankalina yana gida. Na ga mutum yana ƙarewa a kan kujera, na rasa yadda zan yi.

A mashayar Gwaggo Dosinda kowane mai zuwa kullum yana da kofinsa na yumɓu, rataye a ƙusarsa a jikin bango. Idan mutum ya mutu, ita da kanta take sauke kofin, ta wanke, ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta yafa baƙin mayafi, ta kai wa iyalinsa. Ko yaron goye a Portomeira ya san ma'anar farin ƙullin nan a hannunta.

Wata Lahadi bayan an fito daga coci, ana ɗan yayyafi, fili ya cika da masu jifa da 'yan kallo. Waɗanda suke cikin mashayar sun ce sai kawai suka ga Gwaggo Dosinda ta hau kujera, ta sauke kofin Baba, ta wanke, ta naɗe. Ta yafa baƙin mayafi ta fita, ba ta ce wa kowa uffan ba. Da ta bi ta gefen fili, faifan da ke hannun Bieito ya faɗi. Maza suka cire huluna. Celsa mai gyaran raga ta ɗora hannu a ka ta fara kuka. Kafin ta kai rabin tudu, rabin gari yana bayanta, wani kuma ya ruga coci ya sa aka fara kaɗa ƙararrawar mutuwa.

Ni ina ɗakin girki ina fere dankali. Da ƙararrawar ta fara, Baba ya juyo ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Rabon da ya tambayi labarin wani har na manta. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ina buɗewa na ga Gwaggo Dosinda da farin ƙulli, bayanta kuwa mutane har bakin titi, kai ba hula, ruwa yana dukansu. Celsa ta rungume ni tana cewa, "Wayyo marainiyar Allah, ke kaɗai a gida da gawa!" Ni da na gama magana da shi yanzu-yanzu, sai da na waiwaya na duba ko yana numfashi.

Bieito ya dafa ƙofa yana sharɓar hawaye kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "Ba a taɓa yin mai hannu irin na Eladio ba. Duk wasan da muka ci, shi ya ci mana, ni rakiya kawai nake yi. Allah ya yafe masa satar takun da yake yi in zai yi jifa, mutumin kirki ne."

Daga cikin ɗaki aka daka tsawa. "Ƙarya kake, mai kan kabewa! Yaushe na taɓa tsallake layi?"

Sai ga Baba ya fito yana dogara sanda, da rigar barci da gemu buya-buya. Mata suka ƙwalla ihu. Celsa ta ja da baya, ta zauna daram a cikin kwatamin ruwa. Ƙararrawa kuwa ba ta daina ba.

Baba ya ce, "Dosinda, wane ne ya ce miki na mutu?"

Ta ce, "Ba wanda ya ce mini. Ni ma ban ce wa kowa ba, ka tambaye su."

"To mene ne wannan a hannunki?"

"Kofinka ne. Ƙusoshin bangona na masu zuwa ne. Wanda ya daina zuwa, gida nake kai masa nasa. Kai ne dai na farko da ya fito karɓa da kansa."

Ta miƙa masa ƙullin ta ɓangaren hagu. Na san Babana. In ya karɓa ya juya ya rufe ƙofa, to ba zai sake buɗe ta ba har a fito da shi da gaske. Na riƙe wuƙar fere dankali gam.

Ta ce, "Karɓi mana, hannuna ya gaji. Ko ka koma da shi ciki, ko ka je ka rataye shi a inda yake."

Baba ya kalli hannunsa na dama da yake lilo. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Da wane hannun?"

"Biyu Allah ya ba ka, Eladio."

"Dariya za su yi mini."

Bieito ya face hanci da hularsa ya ce, "Na rantse da kabarin uwata sai mun yi. Ka sa na yi kuka a gaban mata, ka sa na yabe ka a bainar jama'a. Ai sai na rama."

Baba ya juyo wajena. Can sai ya ce, "Iria, ɗauko mini wando da takalma. Wani kuma ya je ya ce a daina kaɗa abin nan, kaina yana ciwo."

Haka muka gangara tudu, gari guda yana tafiya da takun mutum ɗaya, a hankali kamar masu rakiyar gawa, sai dai kowa yana dariya. Da muka shiga mashaya, Baba ya miƙa hannun hagu zai rataye kofin. Ya kuskure ƙusar, ya sake, ya kuskure. Wani ya matso zai taimaka, Gwaggo Dosinda ta watsa masa harara, ya koma da baya. Da kofin ya zauna, sai ta sauke shi nan take ta zuba masa giya rabi.

Ya ce, "Rabi? Mutumin da ya tashi daga matattu?"

Ta ce, "Na tambayi likitanka. Rabi, kuma ba kullum ba."

Ranar ya yi jifansa na farko da hagu. Faifan bai ko nufi ƙarfen ba, ya tsallake shinge ya faɗa cikin kabejin Gwaggo Dosinda, kaji suka watse. Bieito ya yi dariya har ya durƙusa a cikin taɓo. Na kalli Baba, sai na ga bakinsa da ya karkace yana motsi. Shi ma dariya yake yi.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba. Celsa ta yi kwanaki ba ta gaishe ta. Fadan cocinmu ya yi mata faɗa a kan ƙararrawa, ta saurare shi da ladabi, ta ce ba ita ta sa a kaɗa ba, sannan ta zuba masa romo. Ni kuma daga baya na tambaye ta ko ba ta ji tsoron ya karɓi kofin ya rufe ƙofa ba. Ta ce, "'Yar nan, tun daga ƙasan tudu nake jin tsoro. Amma na ga kowa yana lallaɓa shi, shi kuma yana ta nutsewa. Na ce gara ya ji haushina a tsaye."

Gwaggo, ke ce uwar masuntan Portomeira, mai wutar da ba ta mutuwa. Ke ce kika lura da kujerar da ta zauna ba kowa, lokacin da sauranmu muka fara sabawa da ganinta haka. Kin san wanda yake buƙatar romo, kin san wanda yake buƙatar a tsokane shi. Kin yarda gari ya yi fushi da ke saboda mutum ɗaya mai taurin kai, wanda ko ƙofa ya ƙi buɗe miki.

Yanzu Baba yana sauka fili duk ranar da ba a yi ruwa mai ƙarfi ba, wani lokaci har da ranar da aka yi. Yana aske gemu. Shi da Bieito sun zama waɗanda kowa yake so a haɗa shi da su, domin kusan kullum su ake cinyewa, kuma kowannensu yana cewa laifin ɗayan ne. Jiya na ce masa ina rubutu a kanki, ko yana da abin da zan sa. Ya ce, "Rubuta cewa har yanzu ban yafe mata ba." Sannan ya sa na goge masa kwat ɗinsa ta zuwa coci, wai ita zai sa ranar walimarki, kuma shi zai fara tashi ya yi magana.

Na gode, Gwaggo Dosinda. Allah ya hutar da gwiwoyinki, ya ba ki tsufa mai daɗi kusa da wuta, wani ya riƙa zuba miki romo ke ma. Mu kuma da muka rage, kowa ya duba gefensa. In akwai wanda ya daina fitowa a unguwarku, kada ku ce ku bar shi ya huta. Ku hau tudun ku buga masa ƙofa, in ya ce yana barci ku sake bugawa, tun yana iya tashi ya zage ku.