Ubale Mai Wankin Kosta da Ruwan Jidda

Ubale mutumin Gumel ne. Shekara goma sha biyu ya yi yana jan babbar mota a hanyar Haɗeja, rani da damina, kafin ya zo umara a 1984 ya zauna. Da yake ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, tuƙi ya gagare shi a Jidda. Sai ya kama wankin ƙananan bas-bas, waɗanda ake kira kosta, a tashar Bab Makka, yana kwana a unguwar Nuzla.

Wajen wankin ne ya lura da abin da ke damunsa. Robar waifa duk rana ta busar da ita, tayoyi sun suɗe. In ya yi magana sai direbobi su yi dariya. Garin da ruwa ke sauka sau ɗaya ko biyu a shekara, wa zai ɓata lokacinsa? Titunan ma da yawa ba magudana.

Cikin masu dariyar har da Abdulghani, haifaffen Jidda, jikan wani alhaji Bakatsine.

Wata Laraba da hantsi, cikin hunturu, Abdulghani ya rage wa Ubale hanya zuwa Nuzla, mota cike da fasinja. Suna unguwar Sharafiyya sama ta buɗe. Kafin rabin sa'a ruwa ya shafe titi, motoci sun mace birjik. Abdulghani ya kunna waifa, robar ta ɓalle ta bar ƙarfe yana kartar gilashi.

"Kawu, wallahi ba na gani! Halas, shi ke nan, tsayawa zan yi."

"Kar ka tsaya a nan, kwari ne," in ji Ubale. "Sa giya ɗaya. Kar ka ɗaga ƙafa daga totur, ruwa zai shiga salansa."

Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya sauka. Ruwan ya kai masa gwiwa. Ya shiga gaban motar yana laluben kwalta da ƙafa, yana yafito Abdulghani, wanda ya leƙo kai ta taga. Da suka nufi hanyar da ke bi ta ƙarƙashin gada, Ubale ya girgiza kai, ya nuna wani lungu mai tudu. A haka suka fita, sannu a hankali, har ƙofar wani masallaci. Wata tsohuwa 'yar Indunusiya ta miƙo masa tawul ta taga.

Washegari rana ta fito, laka ta bushe. Abdulghani da mutum biyu suka sauya waifa. Sauran suka ce sai baɗi.

Ubale ya ci gaba da wankinsa har 2008, lokacin da ciwon baya ya sa shi komawa gida. Abdulghani ne ya kai shi filin jirgi, Ubale kaɗai ne fasinja a cikin kosta mai kujera ashirin da shida.