Shawarmar da Ban Ci Ba

Jiya na wuce wani shago a Samaru, ƙamshin kitse da tafarnuwa ya buge ni, sai na ja na tsaya. Idan ka taɓa ganin naman shawarma yana juyawa a jikin ƙarfe gaban wuta, ka san ƙamshin da nake nufi. Mutane yunwa yake sa su. Ni kakana yake tuna mini.

Kakana na wajen uwa tsohon mahauci ne. Ya yi shekaru a kasuwar Sabon Gari kafin gwiwa ta zaunar da shi a gidanmu. Ko naman miya aka kawo sai an kai masa ya shinshina, ya danna da yatsa, sannan a ɗora tukunya.

Ina aji biyar na firamare shagunan shawarma suka fara yawa a Zariya. Ƙawata, ɗiyar maƙwabcinmu malamin makaranta, mutumin kudancin Kaduna, ita ta fara ba ni labarinta, alhali ita ma ba ta taɓa ci ba. Da na zo ta ɗaya a jarrabawa Kaka ya ce in faɗi abin da nake so, ban ɓata lokaci ba na ce shawarma.

"To, amarya," ya ce, don haka yake tsokanata, "za mu nemo mai kyau. Amma ni zan zaɓa."

Damina ce ta yi nisa. Muka fita bayan azahar, hadari ya haɗu ta gabas, garin ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Shagon farko a nan Samaru, Kaka ya leƙa ya ce naman ya kwana. Na biyu ya ce kitse ne zalla. Muka hau bas zuwa unguwar PZ, inda aka ce akwai wani sabon wuri mai araha.

Wurin cike yake da ɗalibai, har layi. Muna isowa Kaka ya tsaya cak a bakin ƙofa. Na ga hancinsa yana buɗewa. Ni yaji kawai nake ji, kanumfari da citta masu yawa har suna hawa ido. Mai yankan naman ya ɗago kai, ya gan mu, ya fito da wuƙarsa a hannu. Ya rusuna, amma idonsa bai sauka ba.

"Baba, ashe kana nan da ranka?"

"Naman nan wa ya yanka?" in ji Kaka.

Mutumin ya yi murmushi. "Yanzu ba a wannan tambayar, Baba."

Ya koma ciki, ya naɗo guda ɗaya a takarda, ya miƙo mini. "Ungo, 'yan mata. Kyauta ce, saboda kakanki."

Na miƙa hannu. Kaka ya damƙe tsintsiyar hannuna har sai da na yi ƙara, ya ja ni muka bar wurin. Da na waiwaya, mutumin yana nan tsaye yana kallonmu.

A bas ruwa ya kece. Ina ta kuka, Kaka bai lallashe ni ba. Sai da muka kusa gida ya ce, kamar da kansa yake magana, shekarun baya ya taɓa kama mutumin nan yana feɗe mushen saniya, ya sa aka kore shi daga cikin mahauta, daga nan gidansa ya watse. "Ba ni da shaida yau, sai hanci," ya ce. "Ba na son in sake zama sanadi."

Ya yi shiru da maganar. Ni kuma na yi abin da ya fi shiru muni. Washegari ƙawata ta tare ni a bakin famfo tana zumuɗi, kunya ta hana ni cewa na dawo hannu rabbana. Na ce na ci, ban taɓa cin abu mai daɗinta ba. Har kwatancen shagon na yi mata.

Ranar Lahadi, bayan sun taso daga coci, babanta ya kai ta shagon. Litinin ba ta zo makaranta ba. Da yamma na ga an fito da ita a goye, kanta yana lilo, mamanta tana bin su ba takalmi. Na shiga ɗakin Kaka na faɗa masa komai. Bai yi mini faɗa ba. Sai ya ce in miƙo masa sandarsa.

Ya ɗauki tsofaffin mahauta biyu suka tafi PZ. Suka tarar da kwaɗo a ƙofar, maƙwabta suka ce tun safe aka kwashe kaya. Babu wanda ya san inda mai naman ya nufa.

Kwanan ƙawata tara a asibiti. Ta dawo kamar ba ita ba, sai idanu. Wasu suka ce ruwa ne, tunda damina ce kuma ana amai da gudawa a unguwanni. Kullum Kaka sai ya dogara sanda ya je gaishe ta, kuma har ya rasu ban sake jin ya ce mini amarya ba.

Yanzu ta waya ake sayen shawarma, mai babur ya kawo har ƙofa a leda, ba ka ga wuta ba, ba ka ga fuskar wanda ya yanka ba. 'Ya'yana suna ganin tsufa ne ya fara kama ni idan na ce sai na je da ƙafata. Ƙawata kuwa ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Bara ta kawo mini ziyara, muna hirar da, sai ta yi dariya ta ce, "Ke dai cikinki ƙarfe ne. Wuri ɗaya muka ci, amma ni kaɗai na kwanta."

Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta ko in ƙara mata shayi.