Kawu ya tambayi mai karatun teku maganar binne

Jiya muna zaune a zauren gidanmu na Karofane, Kawu Ila ya shigo ya zauna gaban ƙanwata Rakiya, wadda ta zo hutu daga karatun teku a Turai. Iri kaɗan ya rage masa bana, kuma ya ji an ce aikinta ya shafi yanayi.

Ya ce, "Ɗiyata, mi injin naki ya ce? In yi binne tun ruwa bai sauka ba, ko in dakata?"

Rakiya ta ce, "Wallahi Kawu, ban sani ba. Ni ruwan da nike bi yana can ƙarshen duniya, ƙarƙashin ƙanƙara. Sanyi da gishiri ke sa shi nauyi, sai ya nutse ƙasan teku, yana tafiya sannu. Muna kwaikwayon shi a ordinata, wato kwamfuta, amma ruwan da muke kwaikwayo yakan fito da ɗumi fiye da na gaske. Awon da ake samu daga can kaɗan ne."

"Kin taɓa ganin shi?"

"A'a."

"To mi amfanin shi?"

"Yana riƙe zafin duniya. In mun gane shi daidai, ƙila jikokinka su samu amsar da na kasa ba ka yau."

Sai Kawu ya ce, "Ashe ke ma binne kike yi."

Yau da safe na gan shi ya nufi gona da ƙwaryar iri.

Har yanzu maganar na raina. Ku fa, wane binne kuke yi wanda ba lallai ku ga tsirowarsa ba?