Keken Babanmu Ya Sha Fentin Zinariya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sambo, mai gyaran keke a bakin kasuwar Tambuwal, Allah ya jiƙansa. Na so in yi masa addu'a kawai in ja bakina. Ɗansa Nasiru ne ya hana ni.

Lokacin da kuɗin mai suka shigo jihar nan, kowane ƙaramin ma'aikaci ya sayi babur, hawan keke ya zama abin kunya. Mutanen da jiya-jiya suke goge nasu da gefen riga suka jefa shi bayan rumbu, kaji na kwana a kai. Yaya kuwa sai ya shiga ƙauyuka yana kwasowa. Suka riƙa yi masa dariya, wai ya zama ɗan bola. Su wa? Waɗanda ko birki ba su iya ɗaurewa ba!

Abu ɗaya yake nema: keken mahaifinmu, wanda aka sayar shekarar da gero ya ƙi, muna yara. A wancan zamani, duk shekara hukumar En'e kan ba mai keke lasin, ɗan gwangwani mai lamba, a ɗaura a ƙafar gaba, sabo a kan tsoho. Yaya ya haddace lambobin Baba. Duk keken da ya samu sai ya tsuguna, ya kankare tsatsa da farce, ya karanta. A Kebbe ya same shi, a zauren wani mai sayar da dawa, ba sirdi, ba sarƙa, gwangwanaye tara a jere, na Baba uku a can ƙasa. Ƙaton mutum ya zauna a turɓaya ya yi ta kuka.

Shekara huɗu yana haɗa shi, kuma ko noti ɗaya na zamani bai yarda ya sa ba. Sirdin fata daga Jabo ya samo shi, ƙararrawar kuwa sai da ya yi sawu biyar Dogon Daji kafin tsohon da ke da ita ya saki. Na taɓa ce masa ya cire gwangwanayen nan, sun ɓata masa aiki. Ya harare ni. "Kai Umaru, su na shaida. In ka cire su, wanga keken kowa na."

Yau ga shi tsohon kaya ya zama ado. 'Ya'yan masu dariyar nan su ne ke yawo suna neman tsofaffin kekuna su rataya a bango, alhali ko ɗaya daga cikinsu bai iya ɗora sarƙa ba. Nasiru ya buɗe gidan abinci a Sakkwato, shi ma ya bi sahu. Ba shawara da kowa, ya ɗauki keken Baba ya kai wa mai fentin mota. Aka goge shi tas, aka fesa masa ruwan zinariya har taya. Da na tambayi gwangwanayen, cewa ya yi, "Baffa, ai datti ne, an zubar." Datti! Wallahi da Yaya na raye, ban san ko zagi zai yi ba, ko shirun nan nasa da ya fi zagi ciwo.

Me ya rage na Yaya ke nan? Rumfarsa ta zama wurin cajin waya. Amma ranar kasuwa har yanzu nakan ga manoman Sanyinna sun taho da buhun gero a kan kekunan da ya ɗaure musu, ba mai ƙara, ba mai karkata. Wannan ya ishe shi.

Makon jiya Nasiru ya aiko mota aka kai ni gidan abincin, inda ya kafa keken. Wai tunda ni tsohon malamin makaranta ne, in rubuta masa tarihin keken kakansa a manna a bango, baƙi su karanta suna cin shinkafa. Na tsaya na dubi keken daga sirdi har feda, na tsuguna na leƙa ƙafar gaba. Na mayar masa da biron da ya ba ni.

Na ce, "Ɗana, ni ban san wannan keken ba."